Wa Ya Yanke Wa Kwamfutocin Magariya Da Dungas Hukuncin Kisa?



Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ba a yi shela a kasuwar Magariya ba, ba a kuma aika wa kantoman Dogo-Dogo ko na Malawa takarda ba. Washegari kowa ya kunna ordinater ɗinsa ta tashi lafiya lau, mai buga takardu ya ci gaba da bugunsa, sakataren meri ya ci gaba da shigar da sunayen jarirai. Amma tun daga wannan rana duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin Windows 10, kamfanin ba zai ƙara aiko da facin toshe ta kyauta ba. Ɗakin yana tsaye, mai gadin ne ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

To me aka ce mu yi? Wai mu koma Windows 11. In kuma na'urarka ba ta cika sharaɗi ba, wai ka sayi sabuwa. Haka kawai, kamar mai cewa ka je bakin titi ka sayo ƙosai.

Maganar da zan yi ta shafi mutum huɗu: kamfanin da ya kafa sharaɗin, dillalin da zai turo mana abin da Turai ta zubar, mai gyaran da ke ɗura wa mutane Windows 11 ta ƙarfi ba tare da ya gaya musu gaskiya ba, da kuma hukumomin da suka yi shiru. Kowa zai ji nasa.

SHARAƊIN DA AKA KAFA

An fitar da Windows 11 ranar 5 ga Oktoba 2021. Kafin ta yarda ta zauna a kan na'ura tana neman RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, tsarin tashi na zamani da ake kira UEFI mai iya Secure Boot, da wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna TPM 2.0 wanda aikinsa ajiye makullan sirri na na'urar. Sannan ga babban shingen: ƙwaƙwalwar na'urar, wato prosesar, dole ta kasance cikin jerin da kamfanin ya amince da su. A wajen Intel, in ka cire ƴan tsiraru, jerin ya fara ne daga zubi na 8, waɗanda suka fara fitowa a 2017. A wajen AMD kuwa daga Ryzen 2000.

Yanzu ku je ku duba abin da ke kan teburanmu. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460 da T470, da waɗancan manyan akwatunan ofis na Core 2 Duo da wata ƙungiya ta raba tun shekara goma da suka wuce. Su ne ƴan kasuwa ke ɗaukowa daga Beirut Road da Farm Centre a Kano, ko daga Damagaram, su shigo da su. Na'urori ne masu ƙwari, an ƙera su don manyan ofisoshin Turai, suna jure ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu. ThinkPad T470 mai RAM giga 8 tana buɗe Word da Excel, tana shiga intanet, tana yin duk aikin da meri ko lakwal ke buƙata. Laifinta ɗaya: lambar da ke jikin ƙwaƙwalwarta ta fara da 6 ko 7 maimakon 8.

A yi adalci. Maganar tsaro da Microsoft ke yi ba ƙarya ce zalla ba. TPM yana da amfani: in an sace na'ura, ya fi wuya a kwashe abin da ke cikinta. Sai dai da yawa daga na'urorin zubi na 6 da na 7 suna da TPM 2.0 ɗin, amma duk da haka an rufe musu ƙofa saboda prosesar. Kuma kamfanin da kansa ya taɓa wallafa wa jama'a hanyar tsallake wannan shinge a shafinsa, kafin ya goge bayanin a farkon 2025. Idan shingen nan na rai da mutuwa ne, me ya sa mai shingen ya nuna wa mutane inda ake hauro shi? Amsar a fili take: Windows 11 tana tafiya a kan waɗannan na'urori. Shawara ce aka yanke a ofis, kuma shawarar ta yi wa masu sayar da sababbin kwamfutoci daɗi.

Masu bincike na kamfanin Canalys sun ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan mataki. Miliyan 240 masu aiki, ba matattu ba.

TURAI TA YI IHU AN RAGE MATA, MU FA?

Ga inda abin ya fi ciwo. Microsoft ta buɗe wata ƙofa ta ƙarin wa'adi: mutum ɗaya zai iya ci gaba da samun facin tsaro na Windows 10 har 13 ga Oktoba 2026, in ya biya dalar Amurka 30, ko ya yarda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft ya riƙa ajiye saitunansa a rumbunsu, ko ya biya da makin garaɓasa 1,000 na kamfanin. Ofisoshi da kamfanoni kuwa dalar Amurka 61 ce a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuma kuɗin yana ninkawa duk shekara har shekara uku.

Mu mayar da shi kuɗinmu. Dalar Amurka 30 ta kai kusan jaka 17. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata, shi ma sai a Janairun 2024 aka ɗaga shi daga jaka 30. Wato kusan rabin albashin wata, don faci na shekara ɗaya tak. Kuma da wane katin banki malamin kwantaragi a Guci ko Waca zai biya?

A Turai ƙungiyoyin kare masu saye suka tashi tsaye, ƙungiyar Euroconsumers ta matsa lamba, dokokin Tarayyar Turai na bayansu. A Satumban 2025 kamfanin ya sassauta: mazauna yankin tattalin arzikin Turai za su samu ƙarin shekarar kyauta ba tare da an ɗora musu sharaɗin ajiye saituna a rumbun kamfanin ba. Ɗan Faransa da ɗan Jamus, masu albashin da ya ninka namu sau talatin ko fiye, su aka sassauta wa. Ɗan Magariya ko ambatonsa ba a yi ba. Ba don ana ƙinmu ba ne. Su suna da bakin magana da dokar da ke cizo, mu kuwa ba wanda ya ɗaga murya a madadinmu. Kamfanin da kuɗin shigarsa a shekarar kasuwancinsa ta 2025 ya haura dalar Amurka miliyar 280, sama da ninki goma na duk abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara, ba zai ji kukan wanda bai yi kuka ba.

GYARAN GANGAR ABZINAWA

Yanzu mu dawo gida, don nan ne ainihin wutar take.

Ka shiga kowane shagon gyara ka ce kana son Windows 11 a kan tsohuwar na'urarka. Ba mai ce maka a'a. Za a zaro kile, a yi formataj, cikin awa ɗaya a miƙo maka ita da sabon fenti, maɓallin farawa ya koma tsakiya. Ka biya, ka tafi kana murna ka shiga zamani. Tambaya ita ce: me aka zuba maka?

Hanya biyu ce, kuma tsakaninsu akwai nisa kamar sama da ƙasa.

Ta farko: a sauko da ainihin Windows 11 daga shafin Microsoft, a yi amfani da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus, wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta, a cire binciken TPM da na prosesar kawai. Windows ɗin na asali ne, ƙofar shiga kaɗai aka faɗaɗa. Wannan dabara ce ta talaka, kuma ni ban ga laifinta ba. Na'urarka ce, da guminka ka saya.

Ta biyu: a ɗauko wani Windows da wani wanda ba a sani ba ya yanka ya ɗinke, ya sa masa suna mai daɗi, wai marar nauyi, wai an riga an buɗe shi ba sai an biya ba, ya watsa a Telegram ko wani shafin sata. Kile ɗaya ya zagaye shaguna goma daga Kano zuwa Damagaram, ba wanda ya san asalinsa. Sau da yawa an kashe masa hanyar mizajur, an cire masa mai gadin birus, don ya yi sauri. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa, saboda ainihin fayil ɗin ya haura giga 5, kuma sauko da shi da rizon da muke da shi da tsadar forfe aiki ne.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A Yunin 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya gano kwafin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa ɓarawo a ciki, yana sauya lambar asusun kuɗin intanet a daidai lokacin da mutum ke turawa. A Disamban 2022 kamfanin Mandiant ya bayyana yadda aka yi amfani da gurɓataccen kwafin Windows 10 aka kutsa cikin ofisoshin gwamnatin Yukiren. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana yanka Windows ya ba ka kyauta, ka tambayi kanka a ina yake cin ribarsa.

Ko hanyar farkon ma, mai tsabtar, akwai abubuwan da wajibi ne mai gyara ya faɗa maka kafin ya taɓa na'urarka, kuma akasari ba a faɗa.

Na ɗaya, Microsoft ta rubuta ƙarara cewa na'urar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da haƙƙin samun sabuntawa. Yau facin wata-wata yana zuwa, gobe ba wanda ya yi maka alkawari.

Na biyu, kowane zubin Windows 11 na gida da na Pro wata 24 ake kula da shi. Zubin 23H2 wa'adinsa ya ƙare 11 ga Nuwamba 2025, na 24H2 zai ƙare 13 ga Oktoba 2026. Na'urar da aka shigar ta bayan gida yawanci ba ta haurawa sabon zubi da kanta. Sai an sake komawa wajen mai gyara. Da yawa suna yawo da Windows 11 da wa'adinta ya riga ya wuce, suna ganin sun fi mai Windows 10, alhali jirgi ɗaya ya kwaso su.

Na uku, daga zubin 24H2 akwai wasu umarnai da prosesar dole ta iya, kuma Core 2 Duo ba ta iya su. Wannan ba shingen takarda ba ne da Rufus zai cire. Na'urar ba za ta tashi ba sam. Duk wanda ya ce zai sa maka sabuwar Windows 11 a kan Core 2 Duo, ko dai tsohon zubi ya sa maka, ko kuwa wani abu ne daban.

Na huɗu, kuma wannan ku riƙe shi da kyau: a na'urar da ke da TPM, sabuwar Windows 11 tana iya kulle diskin da kanta da zarar an shiga da asusun Microsoft, ta ajiye makullin ceto a cikin wannan asusu. In mai gyara ne ya buɗe asusun da lambarsa ko da adireshin da shi ma ya manta, ranar da na'urar ta nemi makullin, kundin kammala karatunka da hotunan aurenka sun tafi kenan. Suna nan a ciki, amma ba mai iya buɗewa.

Ƴan uwana masu gyara, ba ƙasƙantar da sana'arku nake ba. Ku ne kuka riƙe wannan yanki, kuna tayar da na'urar da a Turai tuni an jefar, da kayan aiki ƙalilan, wani lokacin ma babu kuran. Amma wanda ya miƙa maka na'urarsa amana ya miƙa maka. Minti biyar na bayani ba zai rage maka ciniki ba. Ka gaya masa abin da za ka sa, inda ka samo shi, da ranar da zai ƙare. Ka rubuta masa asusunsa da kalmar sirrinsa a takarda ka ba shi. Mai gyaran da ya yi haka shi za a dawo wa.

ABIN DA KE CIKIN NA'URAR YA FI NA'URAR

Wani zai ce, kai malam, mu wa zai yi wa kutse? Me muke da shi?

A ƙidayar 2012 gundumar Magariya tana da mutum sama da 570,000, Dungas kuwa, wadda aka cire daga Magariya a 2011, sama da 350,000. Yau sun zarce haka nesa. Ƙananan hukumomi 11 ne: Magariya, Bande, Dan Ciyawo, Kwaya, Sasumburum, Waca da Yekuwa a gefe ɗaya, Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa a ɗaya gefen. Kowace tana da rajistar haihuwa da mutuwa, da lissafin haraji. Kowace cibiyar lafiya tana tara alƙaluman rigakafi, zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Kowa ya san yadda sashen yara na likitar Magariya, inda ƙungiyar MSF ta shafe shekaru tana aiki, ke cika maƙil a lokacin damina. Kowane CEG da lise yana da jerin ƴan jarabawa. Ga sunayen masu cin gajiyar tallafi, da lambobin wayarsu. Waɗannan bayanai a kan wace irin na'ura suke kwana? Wa ya sa mata Windows ɗin da ke kanta, daga wane kile?

Birus ba ya tambayar arzikin gari. A Mayun 2017 wanda ake kira WannaCry ya bazu ƙasashe kusan 150 cikin ƴan kwanaki, ya kulle kwamfutocin asibitocin Ingila har aka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ta ina ya shiga? Ta wata kafa da tuni aka fitar da facinta, amma na'urorin ba su samu ba. Ingila ke nan, mai injiniyoyi da kuɗi. A wajenmu kile ɗaya ne ke yawo daga siber zuwa meri, daga meri zuwa shagon fotokopi, daga can zuwa ofishin sufeto. In takardar haihuwar yaro ta ɓace a na'ura kuma rajistar takarda gara ta ci, yaron nan ne zai tsaya a bakin ƙofar jarabawa yana kallo.

Kuma muna da doka. Dokar kare bayanan mutane ta 16 ga Disamba 2022 tana nan, hukumar HAPDP tana nan, kuma dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Ofishin da ke ajiye sunayen mutane a kan Windows ɗin sata ya cika wannan nauyi?

KWANDON SHARAR WANI

Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke fitarwa yanzu, ina kuke jin za su? Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shiga Najeriya duk shekara, mafi yawansu daga Turai, kuma wani kaso mai yawa matattu ne tun kafin su sauka. Daga Legas sai Kano, daga Kano kuwa ba sai na gaya wa ɗan Magariya ko mai cin kasuwar Maigatari hanyar da kaya ke bi ba.

Kayan hannu ba abin kunya ba ne. Da su muka koyi bugu, da su ɗalibanmu ke rubuta kundi. Abin ƙi shi ne yaudara. Za a kawo na'urar zubi na 6, an riga an ɗura mata Windows 11 ta bayan gida, a liƙa mata farashin wadda ta cika sharaɗi, a ce maka ai ka gani da idonka, sha ɗaya ce a kai. Ga yadda za ka kare kanka: duba lambar prosesar. In ka ga i5-6300U, zubi na 6 ne. In ka ga i5-8250U, na 8 ne. Kada tambarin Core i7 ya ruɗe ka, domin i7-7600U ba ta cikin jerin, i5-8250U kuwa tana ciki. EliteBook 840 G5, Latitude 7490 da ThinkPad T480 masu zubi na 8 sun wuce shingen. Wani lokacin ma na'urar ta cika sharaɗi, TPM ɗin ne kawai aka kashe a cikin BIOS, kunna shi ya wadatar, ba sai an yi formataj ba. Ka saya da saninka, ka biya kuɗin abin da ka saya.

Haka ma masu kyauta. Ƙungiyar da za ta kawo wa lakwal kwamfuta ashirin da wa'adinsu ya ƙare, a yi biki, a ɗauki hoto, a tafi, ba horo ba mai kula, ta sauke wa kanta kaya ne a kanmu. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Bamako da ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar. Rahoton duniya na 2024 ya ce a 2022 an samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma a Afirka abin da ake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran yana ƙarewa a bola, yara na ƙona waya don ciro tagulla, dalma na gangarawa ƙasa. A yankin da ruwa ke kusa da sama kamar kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

AKWAI WATA HANYA, ME YA SA BA A FAƊA?

An tsare mu tsakanin zaɓi biyu, ko ka sayi sabuwa ko ka hauro katanga, kamar duniyar kwamfuta ta ƙare a Windows. Akwai Linux. Kyauta ne a bisa doka, ba sata ba kirak. Linux Mint 22 zai ci gaba da samun facin tsaro har 2029, kuma yana tafiya sumul a kan na'urar da Windows 11 ta ƙi. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, yana ba da kulawar shekara 5 ga manyan zubinsa. Akwai Emmabuntüs, wanda aka tsara musamman don farfaɗo da tsofaffin na'urori, kuma an yi amfani da shi a makarantu a Togo. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Tsarin DHIS2 da ma'aikatan lafiyarmu ke shigar da alƙaluma a ciki ta burauza yake aiki, bai damu da wace uwar manhaja ke ƙasa ba.

In an ce wannan kayan talakawa ne, to jandarmomin Faransa sun mayar da kwamfutoci sama da 70,000 kan nasu zubin Ubuntu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta fitar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 daga hannun Microsoft. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da ɗora makarantun gwamnatinta kan manhajoji masu ƴanci. Su da ke da kuɗin biya suna neman mafita, mu da ba mu da shi muna rububin kwafin sata.

Ba na cewa Linux tuwo ne da miya. Wata na'urar buga takarda za ta yi gardama. Wasu manhajojin lissafin kuɗi Windows kawai suka sani. Takarda mai ado da yawa tana iya karkacewa in an buɗe ta a LibreOffice. Sakataren da ya shekara goma sha biyar a kan Word zai yi tsaki a makon farko. Duk gaskiya ne. Amma matsala ce ta horo, kuma kuɗin horo a gida yake zama, a aljihun matashin Damagaram da ya iya aikin, maimakon ya tafi sayen akwatuna daga waje.

Tun 2023 ba kalmar da ake maimaitawa a ƙasar nan kamar ikon kai. A watan Agustan wannan shekara mun ɗanɗana abin da dogaro ke nufi, ranar da aka yanke kuran daga Najeriya garuruwa suka shiga duhu. To ga wani dogaron da ba a magana a kansa: wani kamfani a Redmond ta Amurka ya sa rana, kuma daga wannan rana na'urorin ofisoshinmu sun zama marayu. Ikon kai da bai kai kan teburin sakataren meri ba, da sauransa.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga kantomomi da shugabannin gundumomin Magariya da Dungas: a ƙirga kwamfutocin kowane ofis. Wace iri ce, wace uwar manhaja ke kai, daga ina aka samo ta, wane bayani ke ciki. Aikin mako biyu ne, ba ya buƙatar tallafin kowa. Kuma a kwafe rajistoci a diski na daban, a ajiye a wani ɗaki daban, tun yau.

Ga duk ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a: a haramta Windows ɗin da ba a san asalinsa ba. Na'urar da ta cika sharaɗi a haura da ita Windows 11 ta hanyar da ta dace, haurawar kyauta ce ga mai lasisi na gaske. Wadda ba ta cika ba a gwada ta da Linux kafin a ce ta mutu. Wadda dole sai ta zauna a Windows 10 saboda wata manhaja, a raba ta da intanet, a hana kowane kile shiga.

Kada kuma wannan ya zama ƙofar kwangila. Mun san yadda ake yi: a ce duk na'urorin sun tsufa, a rubuta takardar sayen sababbi da farashi ninki biyu, tsofaffin kuma su ɓace a hanya. Duk wanda ya kawo takardar saye, ya fara nuna sakamakon ƙirga.

Ga hukumar ANSI da ma'aikatar da ke kula da harkar sadarwa a Yamai: ana maganar ƙauyuka na zamani tun shekaru, Bankin Duniya ma ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin a 2020. Fitar da takardar jagora shafi biyu, da Hausa da Faransanci, kan abin da meri da cibiyar lafiya za su yi da Windows 10, nawa zai ci? Kuma me ya hana ƙasashenmu su haɗa baki su nemi sassaucin da aka yi wa Turai?

Ga ƙungiyoyin agaji: kada ku kawo na'urar da ba za ku iya faɗin ranar ƙarewar kulawarta ba. Kyauta ta zo da horo da mai gyara na gida, ko ta tsaya inda take.

Ga ɗaliban jami'ar André Salifou da duk matashin da ya iya wannan aiki: in kun zo hutu gida, ku ware yini ɗaya. Aji ɗaya, fano ko janareta, kile biyar masu tsabta. Kowa ya kawo na'urarsa a duba masa, a gaya masa gaskiyar halin da take ciki, ya zaɓa da kansa. Wanda ya sauko da fayil na asali sau ɗaya ya wadatar da gari guda.

Ga kai kuma mai karatu: in na'urarka taka ce ta kanka, kuma kana son Windows 11 ta bayan gida, bismilla, amma da fayil na asali, bayan ka kwafe kayanka, kuma ka san ranar da za ka sake. In aikinka bugu ne da intanet da kallo, gwada Linux Mint daga kan kile ba tare da ka goge komai ba, ka gani da idonka. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ce maka na'urarka mai aiki ta zama shara, ko a karɓi kuɗinka a zuba maka abin da mai zubawar ma bai san mene ne ba.

13 ga Oktoba 2026 na tafe, ranar da ƙarin wa'adin mutum ɗaya na Windows 10 da wa'adin zubin 24H2 za su ƙare tare. Ku tura wannan rubutu ga mai gyaran unguwarku, da sakataren merinku, da daraktan lakwal ɗinku. Ku tambaye su abin da ke kan na'urorinsu, ku dawo nan ku faɗa mana amsar da suka ba ku.

Allah ya sa mu dace.